Kowa ya wuce ya bar ni: ciwo ne ko raunin imani?

Wani ƙanenmu ya turo mani saƙo da daddare, ya roƙi kar in faɗi sunanshi, ga abin da ya ce a taƙaice: "Malam shekarata 33, a nan cikin garin Katsina nake. Na gama jami'a da latti, ko hidimar ƙasa ban je ba don shekaru sun wuce. Yanzu ina koyarwa a wata firamare ta kuɗi, albashin da ƙyar yake kai ni tsakiyar wata. Ƙanena da ke bi na ya yi aure har matarshi ta haihu, abokaina wasu suna Abuja wasu sun yi gini. Na daina zuwa majalisa, na daina zuwa ɗaurin aure, bacci ma sai ɓarawo. Kullum ji nake kowa ya wuce ya bar ni. Wannan ciwo ne ko raunin imani? Kuma yana da magani?"

Wa alaikumussalam ƙanena. Da farko dai sannu, kuma na gode da ka iya buɗe baki, don na san abin da ya ci maka kafin ka danna tura saƙon nan. Mu Katsinawa ana mana kirari da kunya gare ku ba tsoro ba, to wallahi a aikina na lura da masu damuwa na ga yadda kunyar nan take cinye mutum a tsaye, ya fi son a ce ulsa ce ko taifot da a ce zuciyarshi ce ta gaji. Mafi yawan samarin da ake turo mani ba da maganar damuwa suke shigowa ba, da ciwon kai suke zuwa, ko nauyin ƙirji, ko wani zafi da ke yawo a jiki, an yi gwaji an yi gwaji ba a ga komai ba. Sai mun zauna kamar minti ashirin sannan maganar gaskiya ta fito, kuma kusan da kalmominka take fitowa, "Malam sa'o'ina duk sun wuce ni."

Amsar a gajarce ita ce ba raunin imani ba ne, kuma shi kanshi jin an bar ka a baya ba sunan wata cuta ba ne a littafin likitoci, amma ƙofa ce babba da ciwon damuwa yake shigowa ta cikinta, wanda ake ce ma difireshan, kuma daga abin da ka rubuta ina zargin kai ka riga ka sa ƙafa ɗaya ciki. Yana da magani. Bari in bi da kai a hankali.

Ba zan ce maka wai duk a kanka abin yake ba, don ƙarya ne. Akwai latti na gaske kuma yana ƙirguwa. Yajin aikin ASUU na 2020 wata tara ya ci, na 2022 ya ci wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata goma sha bakwai kenan aka zare daga rayuwar duk wanda ke jami'ar gwamnatin da ta shiga yajin, ba tare da ya faɗi ko kwas ɗaya ba. Dokar hidimar ƙasa kuma ta ce wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama sai dai a ba shi takardar yafewa, wato ka rasa alawi na shekara guda da 'yar damar da mutum ke samu ya san mutane. Ka fito, tallan aiki da yawa suna yanka iyakar shekaru ƙasa da naka. A ƙara da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 da yadda komai ya tashi bayan nan, buhun siminti, akwatin lefe, kuɗin haya. A ƙara da rufe boda a 2019 da kuma wanda aka sake yi bayan juyin mulkin Nijar a 2023, wanda duk mai ɗan'uwa da ke neman abinci ta Jibiya ko Kongolam ya san abin da ya yi ma mutane, ga waɗanda gonakinsu ke wajen Batsari ko Safana ko Ƙanƙara da noma ya gagare su saboda 'yan bindiga, alhali da amfanin gonar nan ake yi ma yara aure. Duk wannan ba kai ka jawo shi ba. Ina faɗin haka ne don masu irin damuwarka suna da wata ɗabi'a, duk abin da ya lalace sai su rubuta shi da sunansu, abin da ya gyaru kuma su ce sa'a ce kawai.

To amma ga inda aikina yake. Latti daban, hukuncin da ka yanke ma kanka saboda lattin daban. "Ban yi aure ba a shekara 33" magana ce ta gaskiya, ana iya zama a yi lissafinta. "Ni ba komai ba ne, na gama yawo" wannan hukunci ne, kuma shi ne yake hana ka bacci, ba rashin auren ba. Na san mutane da yanayinsu ya fi naka tsanani suna bacci har da minshari, na kuma zauna da mai mota biyu da gida a GRA yana hawaye wai ajinsu duk sun wuce shi don wani ya zama kwamishina. In da rashin ne kaɗai ke kawo ciwon, da mai motar nan bai zo wurina ba.

Daga ina hukuncin yake zuwa? Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a jami'ar Cikago ta Amurka, Bernice Neugarten, tun wajen 1965 ta yi bayanin abin da ake kira agogon al'umma, wato kowace jama'a tana da jadawalin da ba a rubuta ba, shekara kaza a gama karatu, kaza a yi aure, kaza a haihu, kuma mutane suna auna kansu da shi su ce na yi daidai ko na makara. Namu agogon ba sai an gaya maka ba, a bakin gwaggo yake ranar suna, "kai kuma yaushe za mu sha naka?", yana cikin yadda ake kiran ƙanenka maigida kai ana kiranka da sunan yaranta. Matsalar ita ce an saita agogon nan a zamanin iyayenmu. Lokacin da aka fara shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976 neman malamai ake ido rufe, mai takardar koyarwa ta Giret Tu aiki ke jiran shi, da aka ƙirƙiro jihar Katsina a 1987 ma'aikatu sababbi aka buɗe ana ɗaukar mutane, a yanka maka ɗaki a gidan gado a kawo amarya, shi kenan ka zama magidanci kana ɗan ashirin da 'yan kai. Hanyar ta ƙara tsawo ninki biyu, agogon bai motsa ba. Iyayenmu ba mugunta suke ba in sun tambaya, da ma'aunin da suka sani suke awo. Kuma bari in faɗa, na mata ya fi namu tsanani nesa ba kusa ba, yarinya 'yar 27 da digirinta da sana'arta za ta shiga gidan biki a bi ta da "Allah ya kawo miji nagari" sau goma kafin ta samu wurin zama, addu'a ce mai kyau amma in aka jera maka ita haka a gaban mutane ta zama bulala. Duk abin da zan faɗa a nan ya shafe su.

Sai kuma kwatance. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Leon Festinger, ya rubuta tun 1954 cewa ɗan Adam in ba shi da ma'auni tsayayye to da na kusa da shi yake auna kanshi, musamman sa'o'inshi. Shi ya sa dukiyar Ɗangote ba ta hana ka bacci amma fulotin abokinka na aji ɗaya yana hana ka. Wannan halitta ce, kowa na yi. Abin da ya canza shi ne da a majalisa kake ganin mutum goma, kuma kana ganin su gaba ɗayansu, ka san wanda ya sayi mashin ɗin nan bashi ne, ka san wanda ya yi auren nan matar tana gidansu ta yi yaji. Yanzu sitatus ɗin WhatsApp yana jero maka mutum ɗari biyu cikin minti biyar kuma kowa ranar sallarshi yake ɗorawa. Sai ƙwaƙwalwa ta yi wani abu da ba ka lura ba, ta ɗauki auren wane, ta haɗa da motar wane, da aikin wane na Abuja, da Umarar wane, ta ƙera mutum ɗaya da babu shi a duniya ta ce ga sa'anka nan, kai ina naka? A jami'ar Pensilbeniya an yi wani gwaji da aka wallafa a 2018, ɗalibai 143, aka sa wasu su taƙaita Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti goma-goma a rana na sati uku, aka ga kaɗaici da alamomin damuwa sun ragu a wurinsu fiye da waɗanda aka bari yadda suke. Ƙaramin bincike ne kuma a kan ɗaliban Amurka, amma ya yi daidai da abin da nake gani a nan. Annabi (SAW) ma ya riga ya ba mu wannan a hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, ku dubi na ƙasa da ku kar ku dubi na sama da ku, don kar ku raina ni'imar Allah a kanku. Sai dai ina roƙon 'yan'uwa a daina jifan mai damuwa da hadisin nan kamar dutse. Magani ne da mutum ke sha da hannunshi, in ka ce ma wanda ke kuka "kai ba ka ga 'yan gudun hijira ba?" ba ka rage mashi komai ba, ka ƙara mashi jin cewa shi butulu ne a kan damuwar da yake ciki.

Abin da ya fi damuna a saƙonka ba maganar aure ba ce, wannan layin ne, na daina zuwa majalisa na daina zuwa ɗaurin aure. Nan ne tarkon yake. Ka ƙi zuwa don kar a tambaye ka, ranar ka ji sauƙi, to ƙwaƙwalwa ta koyi cewa ɓuya magani ce, gobe sai ta ƙara. Ka zauna a ɗaki kai kaɗai sai tuƙa ta fara, irin ta akuya, abin da ka haɗiye jiya ka dawo da shi ka sake taunawa, da na karanci kaza, da ban tsaya jiran adimishan shekara uku ba, da baba ya sa ni kasuwa tun farko. Kana jin kamar tunani kake don neman mafita, amma ka lura, awa uku kana yi ba ka tashi da shawara ko ɗaya ba. Kuma a garin nan ina ake jin labarin aiki? A majalisa, a wurin ɗaurin aure, a bakin masallaci bayan la'asar, wani ya ce wane ana neman mai kaza a wuri kaza. Matar ma ta hanyar mutane ake samunta. Wato jin an bar ka a baya ya sa ka janye daga ainihin wuraren da ake cimma mutane, sai lattin ƙarya ya fara haifar da na gaske.

Yanzu ka auna kanka da wannan tsakaninka da Allah. In sati biyu ko fiye, kusan kullum, ranka a ɓace yake ko kuma abin da da yake maka daɗi ya daina, ƙwallo, hira, karatun Alƙur'ani, har abinci, ga rashin bacci ko ka farka ƙarfe ukun dare ka kasa komawa, ga kasala, ga rashin tattara hankali har kana tsaye gaban allo ka manta me kake koyarwa, ga jin kai ba ka da amfani, to wannan ya wuce damuwar yau da kullum, ciwo ne. Muna da takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, makinta daga 0 zuwa 27, wanda ya kai 10 muna ɗaukar abin da muhimmanci. Ba kai kaɗai ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan ciwo a faɗin duniya sun kai wajen miliyan 280 a shekarar 2019. Likita mai kyau zai duba jininka ma, don ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna iya kawo kasala mai kama da wannan. Kuma zan tambaye ka kai tsaye yadda nake tambayar duk wanda ya zauna gabana, shin tunanin gara ma ka mutu ka huta yana zuwa maka? In yana zuwa, ko da kana korar shi da a'uzubillahi, kar ka jira sati mai zuwa, yau ka gaya ma mutum ɗaya da ka yarda da shi, ku tafi asibiti tare, kuma a ɗauke duk wani maganin ƙwari ko tarin ƙwayoyi daga ɗakinka. Zuwan tunanin ba ya nufin ka fita daga imani, alamar ciwon ce kamar yadda zazzaɓi yake alamar maleriya, kuma yana tafiya in an yi magani.

Maganar raunin imani kuwa, ni ba malamin addini ba ne amma abin da kowa ya sani ne, Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunshi suka yi fari, yana cewa ga Allah kaɗai nake kai ƙarar baƙin cikina. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu sunanta shekarar baƙin ciki a tarihin Manzon Allah (SAW). Addu'ar da ya koyar, Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan, ka duba abin da ta jero, damuwa da baƙin ciki, gajiyawa da kasala, har da nauyin bashi da rinjayen mazaje. Kamar an karanta saƙonka. Kuma wani malamin Musulunci, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya rubuta a kan lafiyar jiki da ta rai, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi sananne da wanda ke faɗo ma mutum haka kawai daga jiki, ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi tunani masu kyau lokacin da yake lafiya kamar yadda ake ajiye magani a gida. Saboda haka masu cewa zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa al'adar Turawa ce ba su bincika ba. Ka riƙe addu'arka da azkar, ka haɗa da magani, ba kishiyoyi ba ne.

To me ake yi a ɗakin in ka zo wurinmu? Mutane suna zaton nasiha ce, ka zauna a ce maka ka yi haƙuri. Ba haka ba ne, aiki ne da biro da takarda. Hanyar da na fi amfani da ita ita ce CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a ta hanyar tattaunawa, wadda likita Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960, ana zama sau ɗaya a sati kamar minti 45 zuwa awa ɗaya, yawanci zama shida zuwa ashirin, kuma ana ba ka aikin gida. Bari in nuna maka yadda take, da wani matashi da na taɓa zama da shi, na canza wasu bayanai don kar a gane shi. Ya ce mani kowa a ajinsu ya wuce shi. Na ce to buɗe guruf ɗin ajin naku. Ya buɗe, na miƙa mashi takarda na ce rubuta sunan kowa, gaban kowane suna ka sa abin da ka sani tabbas, ba wanda kake zato ba. Ya yi shiru yana rubutu yana gogewa, fanka na ta juyawa, ya kai wajen minti goma sha biyar. Da ya gama sai ga shi waɗanda suke hana shi bacci mutum shida ne, su ne kullum ke ɗora hoto. Da yawa bai ma san halin da suke ciki ba don ba su taɓa magana a guruf ɗin, wasu suna buga-buga irin tashi, biyu sun rasu. Ya daɗe yana kallon sunayen biyun nan. Ban ce mashi ka gani ba, ban ce ka gode ma Allah ba, na bar shi da takardarshi. Abin da ya ce daga baya shi ne "ashe mutum shida nake ce ma kowa." Wannan bai sa mashi ko naira a aljihu ba, amma daga ranar in kalmar kowa ta taso mashi yana da abin da zai amsa mata.

Haka ake bin sauran kalmomin ɗaya bayan ɗaya, "ba zan taɓa ba", "ya riga ya wuce", "ya kamata a ce yanzu na". Wannan ta ƙarshen ita ce uwarsu. In ka ce ya kamata a ce na yi gini, sai in tambaye ka in ji wa, kuma da wane albashi, kuma kai kana son ginin ne yanzu ko kunyar rashin shi kake ji? Sau da yawa in muka rubuta jerin abubuwan da mutum yake jin ya makara a kansu, muka ce ya sa alama a kan wanda zai so ko da ba wanda zai gani, rabin jerin zubewa yake. Abin da ya rage shi ne nashi, kuma shi ya cancanci a yi mashi wahala. Wani zai ga aure yake so da gaske, motar ta mutane ce. Wani zai ga shi koyarwar ma yana son ta, albashin ne da rainin da ake ma malamin firamare suke ci mashi rai, to wannan matsala ce daban da maganinta daban.

Sashe na biyu shi ne motsi, kuma a ganina ga mai irin halinka ya fi na farkon saurin aiki. Mai damuwa yana jiran ya ji daɗi sannan ya fita, mu kuma muna cewa fita tukuna, jin daɗin a baya yake biyowa. Ba babban abu ake farawa da shi ba. Muna rubuta jadawalin sati, Litinin bayan la'asar tafiyar ƙafa minti ashirin, Laraba majalisa minti goma sha biyar kacal ko ba ka ce uffan ba, Juma'a ka kira mutum ɗaya da ka daɗe ba ka kira ba, kuma kafin ka je ka rubuta yadda kake zaton zai yi muni daga 0 zuwa 10, in ka dawo ka rubuta yadda ya kasance. Kusan kullum na biyun ya fi ƙanƙanta. Har amsar gwaggo muna gwadawa a ɗakin, ni in zama gwaggo in ce yaushe za mu sha biki, kai ka ce "ana ta shiri gwaggo, a sa mu a addu'a" ka wuce, mu maimaita har bakinka ya saba, don abin da ke hana ka zuwa taro tsoron tambayar ne da ba ka da amsarta a hannu. Ita kuma tuƙa muna yanka mata lokaci, minti goma sha biyar da yamma da takarda a gabanka, duk abin da ya fito ka tambaye shi akwai abin da zan iya yi a kai cikin satin nan? In akwai ka rubuta matakin farko, in babu ka rufe littafin. In ta zo da tsakar dare ka ce mata sai gobe da yamma. Da farko ba ta jin magana, a hankali tana ji. Waya kuma kar ta kwana kusa da filo, kuma mutum shidan nan naka, kai ma kana da su na sani, ka rufe sitatus ɗinsu na wata ɗaya, ba gaba ba ce ba hassada ba ce, mai ciwon ido ne ke kauce ma rana.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, shekarun da suka tafi sun tafi, kuma kana da haƙƙin ka yi baƙin cikinsu. Ka so a ce mahaifinka ya ga 'ya'yanka da ƙarfinshi, ka so a ce kai ka fara kawo jika gidan a matsayinka na babba. Wannan rashi ne na gaske ko da ba a yi zaman makoki a kai ba. Shi ya sa ba na son yi ma mutane labarin waɗanda suka yi nasara da latti, ko da yake ga shi nan kusa da mu a Daura, marigayi Buhari ya nemi shugabanci a 2003 da 2007 da 2011 bai samu ba sai 2015 yana da shekara 72. Gaskiya ne, amma irin wannan labarin yana ce maka ne ka jira kai ma za ka wuce su wata rana, wato har yanzu kana cikin tseren, an dai ɗaga maka ranar. Ni kuma so nake ka samu lafiya ko da ba ka taɓa wuce kowa ba.

Maganin sha fa? Ba kowa ke buƙata ba. In ciwon ya yi nauyi, bacci ya ƙaurace, aiki na neman gagara, likita zai iya rubuta irin su fluoxetine ko sertraline ko amitriptyline. Ba sa aiki rana ɗaya, sai sati biyu zuwa shida kafin ka ji canji sosai, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, ba a yankewa kai tsaye sai da shawarar likita. Ba sa bugarwa kuma ba maganin mahaukata ba ne. Abin da nake roƙonka da girman Allah, kar ka je kemis ka ce a ba ka na bacci, kar kuma ka karɓi tiramadol ko sirop daga hannun aboki wai don ka manta. An hana sirop mai kodin tun 2018 amma har yau muna karɓar yaran da suka fara da "don in samu bacci" suka ƙare da ciwo biyu maimakon ɗaya.

Inda za ka je, ka fara da babban asibitin da ya fi kusa da kai ko asibitin koyarwa na tarayya da ke nan Katsina, ka yanki kati ka ga likita, ka gaya mashi maganar yadda ka gaya mani, kar ka tsaya a ciwon kai, ka ce ina son a tura ni wurin masu lura da lafiyar ƙwaƙwalwa. In da hali akwai asibitin Malam Aminu Kano da na Dawanau a Kano, akwai na Barnawa a Kaduna, akwai na Kware a Sakkwato. Gaskiya ma'aikatan sun yi kaɗan, likitocin wannan fanni a duk Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, za ka iya yin layi, ka daure. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa ma hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba ka haƙƙin a rufa maka asiri kuma kar a nuna maka bambanci. In kuma ba ka samu ƙwararre nan kusa ba kar ka ce shi kenan. A Zimbabuwe likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron masu abin da su suke kira yawan tunani, zama shida na warware matsala ɗaya bayan ɗaya, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna ya yi aiki sosai. Wato mutum ɗaya mai hankali da ba zai yi maka wa'azi ko ya kai ka gaba ba, kawu ne ko tsohon malaminka ko aboki, ku riƙa zama sau ɗaya a sati da takarda, ya fi zaman ɗaki nesa. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, haka ne, amma ba a ce ka haɗiye abin da zai kashe ka ba.

Ka ce matar ƙanenka ta haihu, ban sani ba ko an yi suna ko da saura. In da saura ka je, da sassafe wurin raɗin suna, ka zauna kusa da shi ka taya shi raba goro da dabino, ba sai ka kai wani abu mai tsada ba, kai ne babban uban yaron nan ko da aljihunka ba komai. In an riga an yi, ka shiga gidan cikin satin nan ka ɗauki jaririn ka yi mashi addu'a, minti goma ya isa. Kafin ka tafi ka rubuta lambar nan daga 0 zuwa 10, in ka dawo ka rubuta ta biyun, ka turo mani su duka biyu tare da amsar tambayar da na yi maka a kan tunanin mutuwa, ita nake jira kafin komai.